Yadda Malamar Jardan Za Ta Gane Yaron Da Ake Cutarwa, Da Abin Da Za Ta Yi In Ta Gane

Shekarata ta biyu da fara riƙe ajin ƙanana a nan Tawa, akwai wata yarinya ƴar shekara huɗu da ba ta yarda ta zauna a tabarma, sai dai ta durƙusa bisa gwiwa. Na ɗauka ƙiriniya ce. Kullum in ce mata, "Zauna da kyau mana, ɗiyata," ta ɗosana, in na juya baya ta koma gwiwa. Sati uku muna haka. Ranar da fitsari ya kubce mata na kai ta makewayi in sauya mata wando, sai na ga bayan cinyoyinta. Sawun wayar caja ne, a lanƙwashe kamar ƙugiya, wasu sun bushe, wasu ɗanyu.

Raina ya ɓaci, na saɓa yarinyar na nufi gidansu, na yi wa matar ubanta tatas a tsakar gida, maƙwabta suna ji. Washegari ba a kawo ta lakwal ba. Jibi ma haka. Bayan sati aka ce an kai ta ƙauye wajen dangi. Har yau ban sake sa ta a ido ba, kuma har yau abin yana ci mini rai, domin na ga gaskiya amma ban san hanyar bi da ita ba. Wannan hanyar ce nake so in shimfiɗa wa ƴan'uwana malaman jardan, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, na gwamnati da na kuɗi da na ƙauye.

Kar ki ɗauka abin na can nesa ne. A 2017 asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa cikin kowane yara huɗu masu shekara 2 zuwa 4 a duniya, kusan uku suna shan duka ko tsawa da cin mutunci a hannun masu renon su, wato yara wajen miliyan 300. Mu kuma a Adar, da an gama girbi maza sun kama hanyar biɗa, wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu Najeriya. Ana barin yara wajen uwa da aiki ya yi wa yawa, ko kaka da ƙarfi ya ƙare, ko a ba da su riƙo. Mafi yawan gidajen nan suna riƙe amana iya ƙarfinsu. Amma idan an samu inda amana ta karye, sau da yawa ke ce kaɗai babbar da ba ƴar gida ba wadda ke ganin yaron kwana biyar a sati.

Mataki na farko: ki fara da ajinki

Yaron da kike duka ba zai taɓa gaya miki ana dukansa a gida ba. In akwai tsumagiya a bayan allo ko ƴar dorina a cikin jakarki, yau ki fitar da ita. Haka nan sa yaro ya durƙusa a rana, jan kunne, ranƙwashi, kulle shi shi kaɗai, da kiran sa jaki ko daƙiƙi a gaban ƴan'uwansa. Waɗannan duka suna cikin abin da muke cewa a gane a hana.

Sannan ki san yaranki ɗaya bayan ɗaya tun watan Oktoba da aka koma lakwal. Wa yake kawo shi, wa yake zuwa ɗaukarsa? A hannun wa yake kwana? Uwarsa tana gidan ko an rabu? Yana da sikila ko farfaɗiya? Ki rubuta a kaye guda da ba ya barin hannunki. Wanda bai san yadda yaro yake ranar lafiya ba, ba zai gane ranar da ya sauya ba.

Ku kuma zauna da shugabar makaranta ku kafa doka ku manna a bango: ba a ba da yaro sai ga wanda iyaye suka ambata da suna, ko da ɗan kabu-kabun da aka saba gani ne, babu babban da zai keɓe da yaro a ɗaki a rufe, malami ne ko mai gadi ko mai shara, in za a kai yaro makewayi, wata babba ta san an tafi.

Mataki na biyu: kallon safiya

Ki tsaya bakin ƙofa ki tarbi kowane yaro da sunansa, ki miƙa masa hannu. Minti goma ne, amma a nan ake ganin mai ɗingishi, da mai ɓoye hannu a riga, da wanda ya zabura ya kare kansa da kika ɗaga hannu za ki shafa shi.

Yaro mai lafiya ba ya rabuwa da ciwo, wannan kowa ya sani. Abin lura shi ne inda ciwon yake. Faɗuwar wasa tana samun wurin da ƙashi ya turo: ƙwauri, gwiwa, gwiwar hannu, goshi, haɓa. Ciwon da ya kamata ya tsayar da ke shi ne na wurin da faɗuwa ba ta cika kai wa ba: kunne da bayansa, wuya, ciki, ƙirji, gadon baya, ɗuwawu, cikin cinya, kumatu, fatar ido, da ɗan tantanin nan da ya haɗa leɓen sama da dasashi, wanda yake yagewa idan an bugi baki ko an yi ɗura da ƙarfi. Likitocin yara suna ɗaukar ƙurma a gangar jiki ko kunne ko wuya, ga yaron da bai wuce shekara huɗu ba, a matsayin abin da sai an bincika. In kuwa kina aiki inda ake ajiye jarirai, jaririn da bai fara rarrafe ba ba shi da dalilin ƙurma ko ɗaya a jikinsa.

Sai siffar ciwon. Abin da aka yi duka da shi yakan bar hotonsa. Tsumagiya tana barin layi biyu a jere da fili a tsakani. Waya ko igiya da aka ninka tana barin lanƙwasa. Mari yana barin sawun yatsu. Matsa da ƙarfi tana barin ɗigo-ɗigo a damtse, huɗu a gefe guda, ɗaya a ɗayan gefen. Ɗauri yana barin zobe a wuyan hannu ko idon sawu. Cizon babba ya fi na yaro faɗi nesa ba kusa ba.

Ƙuna tana son dogon kallo. Yaron da ya jawo tukunya ko butar shayi, ruwan yakan fantsama ne ya gangara, ƙunar ba ta da iyaka tsararriya, kuma ta fi yawa a gaban jiki. Amma hannun da aka tsoma a ruwan zafi yana ƙonewa da iyaka madaidaiciya kamar an sa safa. Ƙunar taba ƴar kewayayya ce mai zurfi, faɗinta bai kai santimita ɗaya ba. Akwai ta cokali ko wuƙa da aka ɗora a wuta, akwai ta garwashi a tafin hannu, wadda ake yi wa yaro don ya ɗauki dala biyar ko ya sa hannu a tukunya. Akwai kuma masu zuba tonka a ido ko a gaba don yaro ya yi fitsarin kwance. Wannan ba ya barin tabo sosai, sai jan ido da kumburi da yaron da ke ihu in za shi fitsari.

A fatarmu baƙa ƙurma ba ta fitowa fili kamar yadda ake nunawa a hotunan littattafan Turai. Ki duba a hasken rana, ki lura da kumburi da sheƙi da wurin da ya fi sauran jiki duhu. Kuma kar ki ce za ki gane kwanan ciwo daga launinsa, likitoci ma sun bar dogara da wannan. Abin da za ki iya gani shi ne ciwo iri-iri a jiki guda, wani ya warke, wani yana warkewa, wani sabo. Wannan yana nuna abin ba na rana ɗaya ba ne.

A nan sai na ja kunnenki, don zargin wanda bai ji ba bai gani ba shi ma zalunci ne. Akwai abubuwan da suke kama da duka alhali ba shi ba ne. Mai sikila hannuwansa da ƙafafunsa sukan kumbura ya yi ta kuka ba wanda ya taɓa shi. Wasu yara ana haihuwarsu da tabo mai ruwan toka a ƙugu ko ɗuwawu, ba ya ciwo, ba ya sauyawa cikin sati. Makero da ƙurajen da ke fashewa su yi ɓawo suna kama da ƙunar taba. Ƙahon wanzami yana barin kewaye, tsagar magani da sakiya su ma suna barin nasu. Waɗannan na wanzami ba da mugunta ake yin su ba, ko da yake suna iya jawo wa yaro lahani, kuma maganarsu da iyaye daban take. Akwai kuma yaran da jininsu ba ya saurin daskarewa, ɗan bugu kaɗan sai ƙurma. Rarrabe waɗannan aikin likita ne. Naki shi ne ki lura ko labarin da aka ba ki ya dace da ciwon. An ce ya faɗo daga gado, ga shi kunnuwa biyu duk sun kumbura? Uwa ta ce ƙofa ce, yaya ta ce murhu ne? An bar ƙuna kwana biyar ba a je likita ba? To ki riƙe wannan.

Abu guda: ba a tuɓe yaro don a bincike shi. Abin da kika gani a wajen wanke hannu, ko sauya wando, ko wasa, shi kika gani.

Mataki na uku: abin da ba ya fitowa a fata

Wani yaron ba a taɓa jikinsa ba, amma kullum ana ce masa shege, maye, mai farar ƙafa, wanda ya ci uwarsa. Za ki gan shi ba ya wasa, ba ya kuka ko an ƙwace masa abu, idonsa kullum yana bin hannun manya. Wani kuma akasin haka, duka da cizo da zagin da ya fi ƙarfin bakinsa. Wanda ya daina fitsari a wando ya dawo yana yi. Wanda in an tashi yake maƙale miki a zane, ko ya ɓuya in ya hango wani mutum takamaimai a bakin ƙofa. Ko ɗaya cikin waɗannan ba hujja ba ce ita kaɗai: sabon ƙane, rasuwa, tafiyar uba, zazzaɓin cizon sauro, duk suna sauya yaro. Sauyin da ya zo farat ɗaya ya kuma daɗe, shi ake bi.

Maganar lalata da yara ita ce muka fi jin nauyin faɗa, ita ce kuma ta fi bukatar a faɗe ta. Ana yi wa mata, ana yi wa maza. Mai yin ta mafi yawa ba baƙo ba ne, wanda yaron ya sani ne, ya yarda da shi: na cikin gida, maƙwabci, mai shago da ke ba shi alewa, yaro babba a unguwa. Alamunta: wahalar zama ko tafiya, jini ko ruwa mai wari a wando, ciwo ko ƙaiƙayi a gaba ko baya, kuka wajen fitsari ko kashi, da wasa ko magana irin ta manya wadda ɗan shekara huɗu ba shi da inda zai san ta. Yara sukan leƙa jikin juna don son sani, wannan daban. Amma yaron da ke kwaikwayon kwanciyar manya filla-filla, ko yake tilasta wa wani, ya gani ne ko an yi masa. Ki kuma sani sau da yawa ba a samun wata alama a jiki ko an je likita, rashin alama ba ya ƙaryata yaro.

Sai sakaci, wanda a wurinmu yake cakuɗe da talauci har sai an natsu ake raba su. Yaron da ke zuwa da riga ɗaya wankakkiya, ba takalmi, ba kuɗin ƙosai, ɗan talaka ne, uwarsa taimako take so. Sakaci shi ne akwai halin yi ba a yi ba, ko kuma cikin yaran gida shi kaɗai aka ware: ƴaƴan gida da gutensu, wato abin taɓawa, a jaka, ɗan riƙo yana tsintar abin da ya faɗi ƙasa. Gyambo ya yi sati ba wanki, ido yana ruwa wata guda, ana mance shi a lakwal har azahar ta wuce, ana barin ɗan shekara huɗu ya tsallaka kwalta shi kaɗai, ko a ɗora masa talla. Tun 2006 ƙasarmu ta sa kula da lafiyar yaran da ba su kai shekara biyar ba ya zama kyauta a likitocin gwamnati, don haka ki tambayi karnen yaron, ki tuna wa iyaye. In kin ga rama, ko gashi ya yi ja ya yi laushi, ko ƙafafu biyu sun kumbura har in an danna wurin ya lotsa, a kai shi CSI, wato ƙaramar likitar gwamnati ta unguwa ko ƙauye, a auna damtsensa. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, awon da bai kai santimita 11.5 ba, wato ya faɗa jan launin ma'aunin, tamowa ce mai tsanani, ba ta jiran gobe.

Mataki na huɗu: yadda ake sauraron yaro

Ki nemi wuri a gefe, inda ana hango ku amma ba a jin ku, kamar gindin bedi a filin lakwal. Ki zauna ƙasa daidai tsayinsa. Tambayarki ta zama buɗaɗɗiya: "Yarona, na ga hannunka da ciwo. Me ya same shi?" In ya fara, ki ce, "Sai me ya faru?" Shi ke nan. Kar ki sa masa suna a baki. Idan kika ce, "Baba ne ya buge ka, ko?" ɗan shekara huɗu zai ce e don ya faranta miki, kin ɓata maganar, kin kuma ɓata shari'ar in an je gaba. Kar ki ce "don me ba ka gudu ba?" ko "me ya kai ki ɗakinsa?" Wannan ɗora laifi ne a kan wanda aka zalunta.

Ki riƙe fuskarki. Salati da ƙarfi, dafe ƙirji, kuka, duk suna sa yaro ya ga ya yi ɓarna ya ja bakinsa. Sau da yawa ma maganar tana zuwa ne ba shiri, kina ɗaura masa takalmi ya ce, "Tanti, wane yana yi mini abin da ba na so." Ki ce masa, "Na ji ka, na kuma yarda da kai. Ba laifinka ba ne. Ka kyauta da ka gaya mini."

Zai iya cewa, "Tanti, kar ki gaya wa kowa, ya ce zai yanka ni." Kar ki yi alkawarin da za ki karya. Ki ce, "Ba zan gaya wa yara ba, ba zan gaya wa ƴan unguwa ba. Zan gaya wa wanda aikinsa ne ya hana a sake yi maka." In ya yi shiru, ki bar shi. Kar ki kira abokiyar aiki ki ce ya maimaita, kar a kai shi gaban shugaba ya sake, sannan gaban uwa. Kowace maimaitawa sabon ciwo ce, kuma labarin ƙaramin yaro yana rikicewa in an yi ta juya shi.

Mataki na biyar: ki rubuta kafin rana ta faɗi

Kwanan wata, ƙarfe nawa, a ina, wa ke wurin. Maganar yaron da kalmominsa, da Hausar da ya yi ta, ko da kalmar ta yi miki nauyi. Kar ki mayar da ita Faransanci, kar ki gyara. Ki zana ɗan hoton mutum ki sa alama inda ciwon yake, ki faɗi girmansa da abin da kowa ya sani, kamar ƙwayar dala ashirin ko tsawon yatsa. Ki rubuta abin da idonki ya gani: "layi uku a bayan cinyar hagu." Kar ki rubuta "matar uba ta zane ta," don ba a gabanki aka yi ba. Ki sa hannu, ki adana inda ake kullewa.

Kar ki ɗauki hoton jikin yaro a wayarki, balle al'aurarsa. Waya tana ɓata, ana ara, hoto yana faɗawa WhatsApp, kuma in ya fita ba ya dawowa. Yarinyar za ta girma a garin nan.

Mataki na shida: ki auna gaggawar abin

Akwai wanda ba ya jiran a tashi daga lakwal. Jini, karaya, ƙuna babba, bugu a kai da amai ko yawan barci ko suma, ciwon ciki bayan duka, da duk wani zargin fyaɗe: likita yanzu, CSI mafi kusa ko babban asibitin jiha ko cibiyar kula da uwa da yaro ta nan Tawa. In babu abin hawa a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, ƴan sanda kuma 17.

A kan fyaɗe ki riƙe wannan adadi: awa 72. Maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar sida bayan an yi masa fyaɗe sai an fara shi cikin kwana uku yake aiki, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, ana shan sa kwana 28. Abin da iyaye mata suka saba yi da kyakkyawar niyya, wato wanke yarinya da gasa ta da ruwan zafi da bagaruwa, yana goge shaida, yana kuma cinye lokacin. Kar a yi wanka, kar a wanke wandon, a naɗe shi a takarda mai tsabta, ba leda ba, a tafi da shi. Ƴan sanda ko jandarma suna ba da takardar da likita zai duba yaron ya rubuta sakamako don shari'a, amma neman takarda kar ya jinkirta magani.

Sai wata tambaya: in an tashi, hannun wa zai koma? In wanda ake zargi ne zai zo ɗaukarsa, kuma kina tsoron abin da zai faru daren nan, ba ke za ki ɓoye yaro a gidanki ba, wannan zai juya ya zama laifinki. Shugaba ta kira hukuma tun kafin lokacin tashi, su za su yanke.

Mataki na bakwai: ki kai maganar inda ta dace

Shugabar makaranta ce farko, a ranar, baki da baki, ba a gaban sauran malamai ba. Daga nan akwai ma'aikatan kare yara na jiha da na gunduma. Sunan ma'aikatarsu yakan sauya in an yi sabuwar gwamnati, amma aikin yana nan, kuma su ne suka san yadda ake shiga gida a yi bincike ba tare da an tayar da ƙura ba. Akwai sashen ƴan sanda mai kula da mata da ƙananan yara, a ƙauye kuma jandarma. Akwai alƙalin yara a babbar kotun Tawa. Dokar 20 ga Nuwamba 2014 kan kotunan yara ba ta tsaya ga yaran da suka yi laifi ba, ta haɗa da yaron da ke cikin haɗari, kuma alƙalin yana da ikon ɗauke shi ya danƙa wa wani dangi amintacce ko wata cibiya. A 2019 kuma an kafa kwamitocin kare yara tun daga ƙasa har ƙauyuka da unguwanni. Ki tambayi mai unguwa ko naku yana aiki. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, wadda sashenta na 19 ya ɗora wa hukuma kare yaro daga duka da sakaci da lalata, ko a hannun iyayensa yake.

Ba sai kin tabbatar ba kafin ki kai. Zargi mai dalili ya isa, tabbatarwa aikin wasu ne.

Yanzu ga inda abin yake tsayawa a garinmu. Za a zo miki, wataƙila dattijon da kike jin kunya, a ce, "Malama, a rufa asiri. Yarinya ce, in magana ta fita wa zai aure ta? A bar wa Allah." Wani lokaci har a kawo ƴan jikkuna a ce na magani ne. Ni a ganina akwai abin da sulhu yake gyarawa: uwar da ta gaji ta wuce gona da iri sau ɗaya, kakar da ba ta san ƙuna tana son likita ba. Waɗannan zama da nasiha da sa ido suna isa. Amma lalata da yaro, da ƙona shi da gangan, da dukan da ya kai ga karaya, ba a sulhu a kansu. Asirin da ake cewa a rufa na mai laifin ne, shi kuwa in ya tsira yau, gobe wata yarinyar ce. Asirin yarinya ana rufa shi ne ta hanyar kame baki daga ƴan unguwa, ba ta hanyar ɓoye wa likita da alƙali ba. Dokar ƙasa ma ta fi tsananta hukuncin fyaɗe in wadda aka yi wa ba ta kai shekara 13 ba.

In shugaba ta ce a bar maganar, ko kuma wanda ake zargin ma'aikacin makarantar ne, ki wuce kai tsaye wajen sufeton makarantu da ma'aikatan kare yara. A raba shi da yara tun ranar, kafin a gama bincike. Sunan makaranta bai kai yaro ɗaya daraja ba. Na san abin da nauyi, musamman a makarantar kuɗi inda albashinki yake hannun mai ita, shi ya sa rubutun nan na kaye da kwanan wata yake kare ki ke ma.

Mataki na takwas: zama da iyaye

Wannan ya danganta da wa ake zargi. In lalata ce kuma ana zaton na cikin gida ne, ko duka ne mai tsanani, kar ki tunkari gidan, kuskuren da na yi ke nan. Za a tsorata yaron ya janye maganarsa, ko a ɗauke shi daga garin. Ki bar ma'aikata su tsara yadda za a sanar.

In kuwa sakaci ne ko horon da ya fara wuce iyaka, ki gayyaci uwar ko kakar, ku zauna ku biyu, ki fara da gaisuwa da tambayar gida da mai gida da ke tafiya. Sannan ki ce, "Inna, jikan nan naki yana da kai, ina jin daɗinsa. Sai dai kwana biyu na ga yana zuwa da yunwa, ga kuma wannan ciwon. Lafiya dai gidan?" Sau da yawa a nan za ki ji an yi wata huɗu ba aike, ko uwar ce ba ta da lafiya tun da ta haihu. Ƙungiyar iyaye mata ta makaranta da kwamitin gudanarwa suna iya tallafawa ba tare da an tallata sunan gidan ba.

Za a ce miki, "Ai mu ma da bulala aka raine mu," ko "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Kar ki yi musu. Ki ce gaskiya ne ana tanƙwara ɗanye, amma da hannu a hankali, in an sa ƙarfi karyewa yake. Ki tuna musu Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa ce masa ko tir ba. Ko a kan salla, hadisin da ake kafa hujja da shi bai ambaci duka ba sai yaro ya kai goma. To ina ga ɗan shekara huɗu da ya zubar da hura? In da malamin unguwa mai fahimta, ki nemi ya sa baki, maganarsa ta fi taki shiga a wajen maza.

Mataki na tara: bayan an kai rahoto

Yaron zai dawo ajinki, kuma abin da ya fi bukata shi ne ya tarar da komai yadda ya bari: wurin zamansa, waƙar safe, lokacin gute. Kar ki riƙa nuna shi da tausayi har yara su gane, kar ki sake tayar da maganar sai in shi ya kawo ta. In ya yi fitsari a wando ki sauya masa shiru. In ya bugi wani ki riƙe hannunsa ki ce, "A nan ba a duka, ni ma ba na dukan ka." Malaman da ba ruwansu ba sai sun ji ba, mijinki ma ba sai ya ji suna ba.

Ajin gaba ɗaya kuma ki koya musu, cikin wasa da waƙa, cewa inda wando yake rufewa nasu ne, ba mai taɓawa sai mai yi musu wanka ko likita a gaban uwa. In wani ya ba su alewa ya ce kar su faɗa, to wannan ne abin faɗa. Kuma kowane yaro ya ambaci manya biyu da zai gaya wa. Ki sanar da iyaye mata kafin ki fara, don kar a ce lakwal tana buɗe wa yara ido.

Bayan sati ki koma wajen wanda kika kai wa maganar ki tambayi inda aka kwana, in shiru ki sake komawa, kowane zuwa ki rubuta kwanan watansa. Ki sa ido a kan rajistar kira: yaron da aka yi maganarsa in ya yi kwana biyu bai zo ba, a ranar ta biyun za ki sanar da shugaba da ma'aikatan kare yara, kar ki jira sati kamar yadda na jira. Lambobin wayarsu, da ta majon CSI na unguwarku, da ta kwamisariya, ki neme su tun yanzu ki rubuta a shafin farko na kayen.